Ƙamshin shinkafa ba ya cikin kwalba

A shagunan maganin feshi na Gashuwa da Nguru, magana ɗaya ake yi wa manomin shinkafa: sayi wannan takin ruwa mai amino asid, ka fesa wa ganye, shinkafarka za ta yi tofo, ta yi ƙamshi irin na 'yar waje, har ka rage sayen yuriya. Da tsadar takin zamani, wa zai ƙi jin haka? Ni dai na ƙi, domin lissafin bai fita ba.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Kwalbar lita ɗaya, ko da rabinta naitirojin ne, ba ta kai kilo ɗaya ba. Shinkafa kuwa ta saiwa take cin abincinta. Abin da ganye ke sha ɗan taɓawa ne. Wanda ya rage taki don ya dogara da feshi, ranar sussuka zai ga ƙaiƙayi.

Batun ƙamshi ya fi ɓata mini rai. Ƙamshin basmati da jasmin ta Tailan daga wani sinadari yake, 2-AP, kuma gadonsa ake yi a cikin iri, ta ƙwayar halittar da masana ke kira BADH2. Gaskiya ne masu bincike a ƙasar Sin sun fesa furolin, wani nau'in amino asid, suka ga ƙamshi ya ƙaru. To amma a kan wace shinkafa? Wadda dama mai ƙamshi ce. FARO 44 da ta cika fadamunmu ba ta cikin wannan dangi. Ka fesa mata har kwalba ta ƙare, FARO 44 za ka girbe.

Kuma ciwon manomin bakin kogin Komadugu Yobe ba a ganye yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa yadda aka saba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, wani ya rasa ruwa, wani ambaliya ta cinye masa gona, tsuntsun jan-baki ya ƙarasa sauran. Wace kwalba ce ke magance wannan?

Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana nan tun 2013. Ya kamata ta ware fili, ta shuka iri ɗaya kashi biyu, ɗaya da feshi ɗaya babu, ta auna buhunan a gaban manoma. Kafin nan, masu shago su daina sayar wa talaka alkawarin ƙamshi da kuɗin takinsa.