Mai mata biyu ma a yi masa baftisma

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, wajen Bichi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, akwai dattawan da suka bar tsafin Maguzawa suka bi Almasihu da matansu biyu ko uku. Suna zuwa sujada, suna kai zakkar gero bayan girbi, amma ranar baftisma daga gefe suke tsayawa. Jibin Ubangiji ma wucewa yake yi ta gabansu. Sharaɗin da ake gindaya musu shi ne su sallami sauran matan, su zauna da uwargida.

Ni dai ban ga adalci a nan ba.

Koyarwar da muka tashi da ita ita ce ceto kyautar Allah ne, ta wurin bangaskiya ake samunsa, ba ta wurin aikin mutum ba, kamar yadda Bulus ya bayyana wa Afisawa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai shiga ruwa ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi. Shi ya sa ECWA, wadda ta tsiro daga mishan ɗin SIM a 1954, take nitsar da wanda ya riga ya furta bangaskiyarsa, baftismar ta zama shaida a gaban jama'a. Katolika da Anglika suna yi wa jarirai, suna kuma ɗaukar ruwan da nauyi fiye da haka. To, idan shaida ce kawai, me zai hana mai bi ya ba da ita? Idan kuwa ƙofar alheri ce, rufe ta ya fi muni.

Sai kuma matar da za a kora. A gidan Bamaguje mace ba 'yar zaman ɗaki ba ce: tana noma a gandu, tana da gayaunarta da rumbunta. An aure ta bisa al'ada tun kafin mai bishara ya taka garin. A ce ta kwashe komatsanta bayan ta haifi biyar, ta koma gidan uban da wataƙila ya rasu, domin mijinta ya cancanci tsarkakewa? 'Ya'yan fa, da wane ido za su kalli majami'a?

Ba mu muka fara wannan muhawara ba. Taron bishof-bishof na Anglika a Lambeth, Ingila, ya hana mai mata da yawa baftisma a 1888. A 1988 taron ya sauya matsayi: a yi masa, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba matuƙar ɗaya cikin matansa na raye, ikkilisiyar yankin kuma ta amince, kuma kada a tilasta masa korar kowa.

Masu tsoron kada samari su fake da wannan su ƙara aure suna da hujja, amma wancan sharaɗin na alkawarin ba za a ƙara aure ba ya toshe hanyar. Muƙamin dattijon ikkilisiya kuwa, wasiƙar Timoti ta fari ta keɓe shi ga mai mace ɗaya, a bar shi haka. Abin da nake roƙon fastocinmu shi ne su shigar da waɗannan tsofaffi ajin baftisma na bana, su da matansu duka.