Kada a Jira Sai Giyabos Ya Yi Kuka

Duk wanda ya zauna a Zariya ya saba da ƙarar ƙananan jiragen sama da ke shawagi da safe, daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama wadda aka kafa a 1964. Abin da yawancin jama'a ba su sani ba shi ne, injunan irin waɗannan jirage sun sake fasali. Jiragen da aka daɗe ana koyarwa da su, irin su Tampico, farfelarsu a jikin injin take kai tsaye, yadda inji ya juya haka za ta juya. Amma jiragen Diamond da kwalejin ta karɓa tsakanin 2017 da 2020, akwai giyabos tsakanin injinsu da farfela. A ganinmu wannan canji ya ɗora wa makanikai da matuƙa, har ma da ma'aikatan ofis, wani sabon nauyi da ya kamata a yi magana a kansa.

Dalilin sa giyabos ba boyayye ba ne. Ƙaramin inji na zamani ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya yi gudu ƙwarai, ita kuwa farfela idan bakinta ya kusa saurin sauti sai ta cika ƙara, jan iskarta ya ragu. Injin Austro na jiragen Diamond yakan juya sau 3,880 a minti ɗaya, giyabos ya rage shi zuwa 2,300. Na Rotax 912, wanda ya cika ƙananan jirage a duniya tun fitowarsa a 1989, yakan kai 5,800, farfela kuwa wajen 2,400. Ke nan duk ƙarfin da ke riƙe da jirgi a sama ta kan haƙoran 'yan ƙarafan nan yake bi. Direban mota in giya ta ƙi shiga sai ya ratse gefen titi. Ɗalibin da ke sama shi kaɗai ba shi da gefen titi.

Abin godiya shi ne, da wuya giyabos ya lalace ba tare da ya yi gargaɗi ba. Shaida ta farko a cikin mai take. A injin Rotax akwai wani noti mai maganaɗisu da ke kama ɓurɓushin ƙarfe. Idan aka kwance shi aka ga ɗan gari mai laushi kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne. Idan kuwa tarin ya wuce milimita 3, ko aka ga ɓarɓashi mai kaifi da yatsa ke ji, to haƙori ko boris ya soma ɓarewa, jirgin nan bai kamata ya tashi ba sai an gano tushen abin. Haka nan ake yanka matatar mai a buɗe takardar cikinta a duba. Makanikin da ya juye mai ya jefar da matata bai duba ba, ya zubar da rabin aikinsa.

Sauran alamu kunne da hannu ne ke gane su. Akwai ƙwanƙwasa ko kakkaɓi a gaban inji in yana silo, wanda kan ɓace in an ƙara wuta. Akwai inji ya riƙa wuyar tashi, ko ya yi tutsu da baya lokacin tayarwa. Akwai wasa da ya wuce kima in an girgiza farfela da hannu, bayan an tabbata an kashe komai. Akwai ɗigon mai a bayan farfela, da jijjiga wadda ba a saba ji ba. A jirgin Diamond kuwa, giyabos na da mansa dabam da kuma ma'aunin zafinsa a gaban matuƙi, saboda haka zafin da ke ɗan ƙaruwa mako bayan mako abin rubutawa ne ko da bai kai jan layi ba. Yawancin wannan ɓarna kuwa hannun mutum ne ke jawo ta: barin inji a silo mai ƙasa ƙwarai, ko kafireto biyu da ba a daidaita su ba, ko farfela ta daki ƙasa a yi shiru.

Wannan shirun shi ne ya fi damunmu. Ɗalibi yana tsoron kada a ce ya cika ƙorafi, ko a ɗora masa laifi, sai ya haɗiye abin da ya ji. Wajibi ne malamai su nuna masa cewa rubuta alama a littafin jirgi, ko da daga baya aka ga ba komai, yana cikin aikin da ake koya masa.

Sai kuma 'yan'uwanmu na ofis. Kowa ya san yadda fayil kan kwana a tebur a ma'aikatunmu. Amma masu ƙera injunan nan sun yanke sa'o'in da za a buɗe giyabos a duba, kuma sa'o'in ba su san ƙarshen shekarar kuɗi ba. Muna kira ga hukumomin da abin ya shafa su ware kuɗin kayan gyara da na aika mai ɗakin gwaji tun farkon shekara, su tura makanikai kwas kan waɗannan injuna musamman, su kuma tabbatar cewa idan injiniya ya ce jirgi ya zauna a ƙasa, babu wani babba da zai buga masa waya.