Kwakwar Manja: Ina Rabon Raunanan Manoma?

Ƙasashen Indunusiya da Malesiya ne ke samar da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya. A can idan aka sare tsohuwar gonar kwakwa aka dasa sabuwa, sai a yi kamar shekara uku kafin itatuwan su yi inuwa, ruwan sama na zaizaye ƙasa, ciyawa na cin karenta ba babbaka. Dabarar manyan kamfanoni ita ce shuka dangin wake masu yaɗo a tsakanin itatuwan, musamman Mukuna, 'yar uwar ƙarara, wadda aka kai Malesiya daga Indiya a 1991. Tana lulluɓe ƙasa, ta danne ciyawa, ƙwayoyin halittar da ke saiwarta su mai da naitirojin ɗin iska taki. Sharaɗi ɗaya ne, a riƙa datse ta don kar ta shaƙe dashen.

To, ina ƙananan manoma, masu kusan kashi 40 na gonakin kwakwar Indunusiya? Da yawansu an bar su da buhun taki da maganin feshi. Da farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a 2022, su suka ji a jika. Wajibi ne mahukunta su kai masu iri da malaman gona, tun kafin bashi ya raba su da gonakinsu!