Wa Ya Naɗa Mai Sayar Da Taya Alƙalin Abinci?



Ya ku 'yan'uwa, wata sabuwar taƙama ta ɓulla a tsakanin masu hannu da shuni da 'ya'yansu. A da mutum kan dawo daga tafiya yana ba da labarin malaman da ya zauna da su. Yau sai ya dawo daga Dubai ko Landan yana bugun ƙirji cewa ya ci abinci a gida mai "tauraro uku". To, wane ne yake raba waɗannan taurari?

Kamfanin taya ne. A shekarar 1900 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, André da Édouard Michelin, suka fara buga wani ɗan littafi suna raba wa direbobi, domin mutane su yawaita tafiya, taya ta cinye, su dawo su sayi sabuwa. A 1926 aka fara saka wa gidajen abinci tauraro, a 1931 aka kai su mataki uku. Wannan shi ne asalin mizanin da Musulmi mai hankali yake ɗaga kai da shi. Kuma har yanzu ciniki ne: a 2019 hukumar yawon buɗe ido ta jihar Kalifoniya a Amurka ta biya dala 600,000 domin littafin ya game jihar baki ɗaya. Kamfanin yana cewa kuɗi ba ya sayen tauraro. Mun ji. Amma kuɗi ne yake kawo alƙalin gari, kuma a 2022 ya iso Dubai da Istanbul.

Kada a ce muna haramta daɗi. Allah Ya halatta mana tsarkakan abubuwa, kuma girki sana'a ce mai daraja. Abin da muke tuhuma shi ne abin da ke bayan labule.

Mu ɗauki Noma da ke Kofanhagan, babban birnin Denmak, wanda aka zaɓa gidan abinci na ɗaya a duniya har sau biyar, a 2010, 2011, 2012, 2014 da 2021. A farkon 2023 mutum ɗaya kan biya kimanin dala 500 a zama guda, ana jera masa 'yar loma bayan 'yar loma, har da tururuwa a ciki. (Mu nan tun kaka da kakanni muke soya fara da yaji, ba wanda ya ba mu lambar yabo.) A farashin dala na ƙarshen 2024, wannan kuɗi ya haura albashin wata goma na ma'aikacin Nijeriya mai karɓar mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000. Duk da wannan tsada, shekara da shekaru matasa masu koyon girki suna yini a tsaye a madafar gidan ba a biyansu ko sisi, sai a Oktoban 2022 aka fara biyansu. Wata uku kacal bayan haka, a Janairun 2023, mai gidan, René Redzepi, ya sanar cewa zai daina buɗe gidan yadda aka saba, domin tsarin ba mai ɗorewa ba ne. Wato da aka biya lebura haƙƙinsa, sai lissafi ya ƙi fita. Wanda ya san matsayin haƙƙin ɗan ƙwadago a Shari'a ya san sunan irin wannan ciniki.

Su kansu masu girkin ba su tsira ba. A Fabrairun 2003 shahararren kukun Faransa Bernard Loiseau ya kashe kansa, wal iyazu billahi, a daidai lokacin da ake raɗe-raɗin za a ƙwace masa tauraro na uku. A 2017 wani kukun, Sébastien Bras, ya roƙi a cire sunansa daga littafin domin ya huta da fargabar mai binciken da ba a san ranar zuwansa ba.

Sai batun da 'yan'uwanmu masu zuwa can ba sa son a tayar. A mafi yawan waɗannan gidaje an gina cin abincin ne a kan giya: kowace loma da kalar giyar da aka zaɓa mata, har da ma'aikaci na musamman wanda ba shi da aiki sai wannan. Mai cewa "ni lemo na sha" muna tambayarsa: ya binciki romon da aka kwarara masa a kan nama, alhali sanannen abu ne cewa girkin Faransawa da giya ake haɗa yawancin irinsa? Ya tambayi yadda aka yanka dabbar? Abokan zamansa a teburin me suke sha? Hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya ya tabbata a Sunnah, kamar yadda hanin israfi a ci da sha ya zo ƙarara a Suratul A'araf, aya ta 31.

Mun lura kuma cewa da wuya mai zuwa can ya ɗaga cokali kafin ya ɗauki hoton farantin ya watsa. Da ɗanɗano ake nema, da harshe ya wadatar. Hoton na maƙwabci ne, wanda wataƙila daren nan ba a ɗora tukunya a gidansa ba.