Tsawonka Ba Gado Ba Ne Kaɗai

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sojoji, sai ka ga samarin Mafara, Bakura da Maradun suna manna baya da bango ana gwada tsawonsu. Ƙa'idar dai mita 1.68 ce ga namiji, 1.65 ga mace. Wanda bai kai ba sai ya ce, "Gado ne, haka 'yan gidanmu suke." To, tsaya ka ji.

Gado yana da nasa kaso, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A 2020 mujallar Lancet ta wallafa binciken da ya duba awon yara da matasa miliyan 65 na duniya, daga 1985 zuwa 2019. A tsakanin nan, tsawon samarin Sin 'yan shekara 19 ya ƙaru da kusan santimita 8. Jininsu bai sauya ba, abin da ke cikin kwanonsu ne ya sauya. A ƙasashen Afirka da dama kuwa tsawo ya tsaya cak, wani wurin ma baya ya koma.

Mu fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Yaran nan su ne ƙannenka da ke shiga balaga yanzu. Abin takaici, ga madatsar Bakolori a ƙofar gidanmu tun 1978, amma 'yan bindiga sun hana da yawa zuwa gona, har likitocin MSF na kwantar da masu tamowa a Babban Asibitin Talata Mafara.

Sai dai ƙofa ba ta rufe ba. Bayan ƙuruciya, lokacin balaga ne jiki ya fi saurin miƙewa, kafin ƙashi ya daina girma a ƙarshen shekarun samartaka. A nan ne wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da zogale ke yin aikinsu. Yarinyar da ta ɗauki ciki ba ta gama girma ba kuwa, ita da jaririn ne ke rabon ɗan abin da ta ci.

Maganin ƙara tsawo da ake tallatawa a TikTok? Wallahi asarar kuɗi ce. Ƙwayar ƙiba kuma kumbura ka za ta yi, ba gina ka ba. Kuɗin nan, gara ka saya wa ƙanwarka ƙwai. Kuma in ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, tambaye shi: yaushe za mu koma gona?