Cin Ranin Malami da Gonar Gado

Wani malamin lissafi, ɗan ƙanen mahaifina, wanda ya daɗe yana koyarwa a wata sakandare ta ƙasar Minjibir, ya same ni bayan sallar La'asar da takarda a hannu, ya ce, "Yaya, ga abin da ya hana ni barci." Tayin aiki ne daga wata makaranta a ƙasashen Larabawa, irin waɗanda ke tara 'ya'yan baƙi na al'ummu dabam-dabam ana karantar da su da Turanci bisa manhajar Ingila, albashin da aka rubuta kuwa, in an juya shi naira, ya ninka nasa ninkin ba ninkin. Sai dai dillalin da ya kawo maganar ya yanka masa kuɗi mai yawa kafin a fitar da biza, shi kuma ba shi da abin da zai kai wannan adadi face gonar da ya gada a hanyar Wasai.

Ba na cikin masu cewa duk malamin da ya ƙetare ya ci amanar ƙasarsa. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake saye wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo, alhali mafi ƙarancin albashin da tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Nafaƙar iyali kuwa wajiba ce a kan magidanci, ba ta jiran a gyara tattalin arziki. Mu ma Kanawa mun taɓa zama maƙeran da baƙi ke kawo ƙarfensu, domin malamai daga Sudan ne suka ɗora harsashin Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, kuma wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 yana tune da Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa da mutanen Gana da suka koya mana lissafi da kimiyya, har darajar naira ta faɗi bayan 1986 suka yi ta komawa. Ba mu taɓa kiransu maciya amana ba, addu'a muke yi musu.

Amma fa fukaha'u, da suka zo babin ijara, sun sharɗanta cewa lada ya zama sananne, muddar aiki ta zama sananniya, domin jahilci a cikin ƙulli shi ne ƙofar garari da husuma. Saboda haka wanda ya karanta adadin albashi kaɗai, bai bincika wa zai biya masauki da kuɗin jirgi da na asibiti ba, bai tambaya ko za a ba matarsa da 'ya'yansa iƙama ba, bai san ko fasfonsa zai zauna a aljihunsa ko a akwatin kafili ba, bai kuma ga sharaɗin da zai hau kansa in ya so ajiye aikin kafin wa'adi ba, to, haƙiƙa bai karanta komai ba. Makarantar kirki ita ke ɗaukar nauyin kawo malaminta. Wadda malami zai biya kafin ya ga ƙofarta, lalle a yi mata kallon tsanaki.

Maganar gonar ce ta fi tsaya mini a rai. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyinta ba: daga Kunya zuwa Kantama babu sauran daji da mutum zai sare ya ce ya yi sabuwar gona, kowane taƙi yana da mai shi, iyaka na jingine da iyaka, kuma ƙasar da ake nomawa kowace damina ba hutu, kakanni ne suka raya ta da takin da suka yi ta ɗaukowa a mangala bisa jakuna. Irin wannan gona in ta fita hannu, riyal ba ya dawo da ita, domin maƙwabcin da ya saya ba zai sayar ba. Iyayenmu da suke tafiya cin rani bayan kaka, ladabinsu shi ne su bar rumbu a cike da gona a sunansu, su dawo kafin ruwan shuka. Malam Aminu Kano ma da ya tafi Landan a 1946 neman ilmin koyarwa, dawowa ya yi ya kafa ƙungiyar malaman Arewa.

A nan hukuma ke da rawar takawa. Gwamnatin Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, da za ta sauƙaƙa wa ƙwararren malami hutun shekara biyu ba albashi, gurbinsa da fanshonsa na jiransa, kamar yadda shirin tarayya na tura ƙwararru ƙasashen waje da aka kafa a 1987 yake aika mutum na shekara biyu ya komo, da ajin da ya bari ya yi rashi na ɗan lokaci, sannan ya ci ribar abin da ya gano.

Na ce masa, "Ƙanena, ka yi istihara, ka nemi yardar Inna, ka rubuta wa makarantar kai tsaye ba ta hannun dillali ba. In sun aiko da cikakkiyar yarjejeniya da tikiti, ni zan raka ka filin jirgi. Gonar kuwa ka ba ƙaninka aro a gaban shaidu." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Da na bi ta hanyar Wasai ranar Juma'ar da ta wuce, na ga an fara zuba mata taki.