Ra'ayinmu: Kalkuletar shago ba ta jarrabawar Bak ba ce

Kowace shekara idan jarrabawar Bak ta matso, iyaye a Dakoro da kewaye sukan shiga kasuwa neman na'urar lissafi ga ƴaƴansu na lise. Da yawa sukan ɗauki irin wadda muke lissafin buhun gero ko kuɗin akuya da ita, su miƙa wa yaro. A nan kuskuren yake.

Kalkuletar shago tana haɗawa, tana ɗebewa, tana ninkawa, tana rabawa, shi ke nan. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe, musamman na sashen C da D, yana bukatar irin ta kimiyya, mai madannan sin, cos, ln da nCr, wadda kuma take fitar da matsakaicin adadi da tazarar alƙaluma a darasin ƙididdiga. Casio fx-82MS da ire-irenta sun isa wannan aiki.

Ga gwaji mai sauƙi da kowace uwa za ta iya yi a gaban mai kaya: a danna 2 + 3 × 4, sannan =. Ta kimiyya za ta ba da 14, domin tana fara ninkawa. Ta shago za ta ba da 20. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya zubar da makin yaro.

Sai kuma jabu, wadda ta yi yawa a kasuwanninmu. A duba madannai ko suna maƙalewa, a duba ko lambobi suna fita sarai, a tambayi irin batirin da take ci. Araha ba ta ado.

Kafin a fitar da kuɗi, a tuntuɓi malamin lissafi wace iri aka yarda a shiga ɗakin jarrabawa da ita, don kada a sayi mai tsada a ƙofa a karɓe ta. Kada kuma a dogara da ta cikin salula, domin ba a shiga da waya.

Muna kira ga iyaye su saya tun buɗe makarantu a watan Oktoba, hannun yaro ya saba da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƴan kasuwa kuma su ji tsoron Allah, su faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke kan teburinsu. Ribar jika guda ba ta kai shekarar karatun ɗan maƙwabci ba.

Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a.